Tulun Portland: shekara huɗun da Wedgwood ya kashe a kan tulu ɗaya

A watan Yunin 1786 wani maginin tukwane mai ƙafar katako ya sa hannu a takardar aro a birnin Landan, aka miƙa masa wani ɗan tulu da tsayinsa bai wuce santimita 25 ba, ya nufi Staffordshire da shi. Kwanaki kaɗan kafin nan aka buga tulun a gwanjo, basaraken nan Duke na Portland na uku ya saye shi gini 980, wato fam 1,029, tunda gini ɗaya fam ɗaya ne da sule ɗaya. Mai aron shi ne Josiah Wedgwood, yana da shekara 55, ya riga ya yi suna ya yi kuɗi. An yi da shi zai riƙe tulun shekara guda ya kwaikwaye shi da yumɓu. Aikin ya ci shekara huɗu.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa shi ne halin mutumin. Wedgwood ba mai watsa kuɗi ba ne. Tun a 1772 ya zauna ya ƙididdige abin da kowane tulu ke ci masa, daga yumɓu da gawayi har ladan ma'aikata da kuɗin haya, a zamanin da yawancin masu masana'antu ba su san ana yin haka ba. To me ya kai mai irin wannan lissafi ga aikin da, kamar yadda za a gani, da wuya a ce ya mayar da kuɗinsa?

Tulun da kansa

Mutane da yawa da suka rubuta a kansa a can baya sun ɗauka dutse ne aka sassaƙa. Gilashi ne, aikin Rumawa na zamanin Sarki Augustus ko jim kaɗan bayansa, kimanin shekara 2,000 ke nan. Mai hura gilashi ya ɗebo narkakken gilashi shuɗi mai duhu, ya lulluɓe shi da farin gilashi, ya hura su tare suka zama tulu. Da ya huce sai aka ba masassaƙin duwatsun ado, ya yi ta kankare farin nan a hankali har shuɗin ya fito ya zama fili, abin da ya bari na farin ya zama mutane da itatuwa da duwatsu. Shuɗin ya yi duhun da ido ke ganinsa baƙi, sai an haska fitila ta bayansa.

Siffofi bakwai ne a jikinsa. A gefe ɗaya wani saurayi yana fitowa daga ƙofar wani gini, wata mata zaune a ƙasa ta juya ta riƙo hannunsa, wata dabbar ruwa mai kama da maciji ta miƙe daga cinyarta, a sama ga Eros, yaron nan mai fukafukai da Girkawa suka ɗauka ubangijin soyayya, riƙe da baka da jiniyar wuta, can gefe wani dattijo mai gemu ya yi tagumi yana kallo. A ɗaya gefen wata budurwa ce kishingiɗe a kan duwatsu, ta sunkuyar da jiniyarta ƙasa, namiji zaune a gefe ɗaya, mace mai sanda a ɗaya gefen. Babu rubutu ko ɗaya da zai ce ga wane ga wance, shi ya sa masana suka shafe shekara 400 suna jayayya. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce auren Peleus da Thetis. A tatsuniyar Girkawa Thetis allahiyar teku ce da aka yi duba cewa ɗan da za ta haifa zai fi ubansa, sai manyan allolin da ke nemanta suka ja da baya, suka aurar da ita ga ɗan Adam, wato Peleus. Ɗan da ta haifa shi ne Achilles, jarumin yaƙin Troy. Wasu kuma sun ce labarin haihuwar Augustus ne aka saka a rigar tatsuniya. A zamanin Wedgwood da yawa sun yarda cewa tokar gawar Sarkin Rum Alexander Severus aka zuba a ciki, magana da aka yi watsi da ita daga baya.

Tulun ya sha yawo. An fara ambatonsa a rubuce a Rum wajen 1600, yana hannun Kardinal del Monte. Daga nan ya koma gidan Barberini, dangin Fafaroma Urban na takwas, ya yi kusan shekara 150 a can, har wata gimbiyar gidan da bashin caca ya ci ta sayar wa James Byres, dillali ɗan Sikotilan. Byres ya sayar wa Sir William Hamilton, jakadan Birtaniya a Naples, a kan fam 1,000. Hamilton ya kawo shi Ingila, a 1784 ya sayar wa mahaifiyar Duke na Portland, tsohuwa mai tara kayan mamaki, ita kuwa ba ta yi shekara biyu da shi ba ta rasu a 1785. Gwanjon kayanta ne ɗanta ya shiga ya fanshe tulun.

Mai aron

An haifi Wedgwood a Burslem ta yankin Staffordshire a 1730, auta a gidan magina. Agana ta kama shi yana yaro ta bar masa ciwo a gwiwar dama, har taka keken da ake juya tukunya a kansa ya gagare shi, a 1768 aka yanke ƙafar gaba ɗaya. Rashin iya taka keken ne ya tura shi ɓangaren gwaje-gwaje: wane yumɓu, wace ƙasa, wane irin zafi. Ya buɗe tasa masana'antar a 1759. A 1765 Sarauniya Charlotte ta sayi kayan shayi na farin tangaran ɗinsa, ya nemi izini ya raɗa wa kayan sunan sarauniya, ciniki ya buɗe.

Lokacin kuwa masu kuɗin Ingila sun haukace a kan duk abin da ya shafi tsohuwar Girka da Rum. An fara tono tsoffin biranen Rumawa da dutse mai aman wuta ya binne, Herculaneum a 1738, Pompeii a 1748. 'Ya'yan manya sukan yi shekara ɗaya ko biyu suna yawon Italiya, su dawo da gumaka da tuluna. Hamilton ya buga hotunan tulunan da ya tara cikin manyan littattafai masu launi, Wedgwood da abokin kasuwancinsa Thomas Bentley, ɗan kasuwar Liverpool mai ilimin adabi, suka mayar da littattafan nan madubinsu. Sabuwar masana'antar da suka buɗe ranar 13 ga Yunin 1769 ma sunanta Etruria, domin a lokacin ana zaton mutanen tsohuwar Etruria ta Italiya ne suka yi waɗannan tuluna. Yawancinsu na Girkawa ne, amma suna ya riga ya zauna. Ranar buɗewar Bentley ne ya juya keken, Wedgwood ya gina tuluna shida da hannunsa.

Babban abin da ya ƙirƙiro, wanda da babu shi da ba a yi zancen kwaikwayon tulun Portland ba, shi ne jasfa, wajen 1775. Wani irin tangaran ne mai tauri, marar ƙyalli, mai laushin taɓawa kamar ƙwai. Sirrinsa wani farin ma'adini ne mai nauyi, sinadarin bariyom, da ake samu a ramukan haƙar dalma na Derbyshire. Gwaji dubbai ya yi kafin ya dace, kowanne ɗan guntun yumɓu da lamba a jiki, an jera su a tire. Sunayen sinadaran ma da lambobin sirri yake rubuta su saboda 'yan leƙen asirin abokan hamayya. Jasfa fari ne a asali, amma yana shan launi har cikin jikinsa: kobal ya ba shi shuɗi, wasu ma'adinan su ba shi kore ko ruwan hoda ko baƙi. Daga nan aka sami abin da duniya ta san Wedgwood da shi, fararen siffofin alloli da 'yan matan tatsuniya a kan fili shuɗi. Matashin masassaƙi John Flaxman ya zana masa da yawa cikinsu, kamar 'yan matan nan masu rawa riƙe da hannun juna da ke wakiltar sa'o'i, da naɗin mawaƙi Homer. Flaxman ɗin ne ma ya rubuto masa cewa lallai ya zo Landan ya ga tulun da Hamilton ya kawo.

Inda aikin ya cije

Da farko Wedgwood ya ɗauka abin ba zai yi wuya ba, domin ya daɗe yana aiki da zanen tulun da ke cikin littattafai. Da ya riƙe na gaskiyar a hannu ya juya shi a gaban taga, sai jikinsa ya yi sanyi, ya rubuta wa Hamilton yana faɗin abin da ya gano.

Matsalar ita ce hanyoyin biyu kishiyoyin juna ne. Barumen nan ragewa ya yi, shi kuwa Wedgwood ƙarawa yake yi. A Etruria ana danna farin jasfa ɗanye cikin ƙaramin mazubi na gasasshen yumɓu, a ɓamɓaro siffar da bakin wani siririn ƙarfe, tana da kaurin da bai fi na ganye ba a wasu wurare, a ɗan jiƙa jikin tulun da ruwa, a ɗora ta, a danna da yatsa a hankali har ta kama ba tare da an murje hanci ko yatsun siffar ba. Sannan mai gyara ya bi gefunan da kayan aiki yana fito da su. Duk wannan sun iya shi. Abin da ba su iya ba shi ne inuwa. Masassaƙin Rum yakan kankare farin gilashin har ya yi siririn da duhun ƙasa ke lekowa ta cikinsa, saboda haka fukafukin Eros da ganyen itatuwa da gefen tufafi suka fito da launin toka-toka, abin nesa ya yi nisa, na kusa ya matso, tamkar zanen fenti. Farin jasfa kuwa ba ya barin haske ya ratsa shi yadda gilashi ke yi. In aka yi shi da kauri sai ya fito fari fat kamar alli, in aka sirantar da shi sai ya tsage ko launin ƙasan ya ɓata shi a wuta.

Sai ga matsalar wutar kanta. Yumɓu yana tsukewa in an gasa shi, baƙin jiki da farar siffa kuma dole su tsuke daidai da juna, in ba haka ba siffar ta ɗago ko ta dare. Launin ma sai da aka haɗa sabo, baƙi mai ɗan shuɗi a ciki, shi kuma ya zo da nasa halin: yakan yi ƙuraje, iska ta kumbura a ƙarƙashin fatar tulun ta fashe. Tulu ya ci makonni a hannun ma'aikata, a sa shi a matoya, a jira wuta ta mutu ta huce, a buɗe a tarar da Thetis ta ɓalle daga kafaɗa. Wasu daga cikin waɗannan lalatattun suna nan har yau a tarin kayan Wedgwood da ke Barlaston, da ƙurajensu da tsagarsu. Wedgwood ya fi kowa sanin zafin matoya a zamaninsa, domin shi ya ƙirƙiro ma'aunin da ke gane zafi ta yadda ɗan guntun yumɓu ya tsuke, abin da ya sa aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a 1783. Duk da haka ma'aunin bai hana tuluna fashewa ba.

Mutum uku ne suka ɗauki nauyin sassaƙa siffofin: Henry Webber, shugaban sashen kayan ado, da William Hackwood, da William Wood, ɗan Wedgwood, Josiah ƙarami, kuma yana tsaye a kan gwajin wuta. Hackwood ɗin nan, a tsakiyar wannan aiki, a 1787, shi ya sassaƙa ɗan tambarin jasfa na baƙin mutum durƙushe cikin sarƙa, wanda Wedgwood ya yi ta rabawa kyauta don yaƙi da cinikin bayi, har ya aika wa Benjamin Franklin a Amurka. Hannu ɗaya ne ya yi allahiyar teku ya yi bawan da aka kamo daga Afirka. Ba za a manta ba kuma cewa mazuban sukarin da masana'antar ke sayarwa, sukarin da bayi suka noma a tsibiran Karibiyan ake zubawa a ciki.

Maganin inuwar da suka samu a ƙarshe dabara ce ta haɗin gambiza. Sun sirantar da farin iya yadda zai jure, inda hakan bai isa ba suka bi da ruwan yumɓu mai ɗan duhu suka shafa sama-sama, a wasu kuma aka goge bayan an gasa. Wanda ya tsaya kusa da ɗaya daga cikin na farkon zai ga ganyen itacen yana narkewa cikin baƙin fili, ba a ga inda farin ya ƙare ba. Kwafi na farko da ya gamsar da shi ya fito a kakar 1789, ya aika wa amininsa likita Erasmus Darwin, tare da gargaɗin kada ya nuna wa kowa. Darwin bai iya riƙe bakinsa ba, ya nuna. Daga baya ɗan Darwin ya auri Susannah 'yar Wedgwood, su suka haifi shahararren masanin kimiyya Charles Darwin.

Yadda ya sayar da shi

A nan ne aka ga ɗan kasuwar. Bai kai tulun kanti ya rataya masa farashi ba. A 1790 ya fara kai wa Sarauniya Charlotte ta gani. Ya sa Sir Joshua Reynolds, shugaban makarantar zane ta sarauta kuma mai zanen da ya fi kowa faɗa a ji a Ingila, ya rubuta shaidar cewa kwafin ya yi daidai da na asali har a ƙananan abubuwa. Aka kuma baje shi a ɗakin nunin kamfanin da ke titin Greek a unguwar Soho, ba mai shiga sai da katin gayyata. Bayan haka Josiah ƙarami da ɗan'uwansu Thomas Byerley suka ɗauke shi zuwa Holan da Jamus suna nuna wa sarakuna da jakadu. Mai so sai ya rubuta sunansa ya jira.

Farashin kimanin fam 30 ne, kuɗin da ya fi abin da leburan gona ke samu a shekara. Amma kwafin farkon ba su wuce 50 ba. Ko da an ce duka an sayar, fam 1,500 ke nan, a kan aikin shekara huɗu na ma'aikatan da suka fi kowa tsada a masana'antar, ban da gawayi da tulunan da suka fashe da kuɗin yawon Turai. Ga lokacin ma bai taimaka ba: juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, a 1793 Birtaniya ta shiga yaƙi da Faransa, kasuwar Turai ta rufe.

A ganina ba tulun yake sayarwa ba tun asali. Tun shekarun 1770 ya bayyana wa Bentley dabararsa a wasiƙu: a fara sa kaya a gidajen manya da tsada, masu matsakaicin hali su gani su yi sha'awa, sannan a sauke farashi a sayar musu da yawa. A shekarun 1780 kuwa jasfa ya daina zama nasa shi kaɗai. Maƙwabtansa irin su William Adams da John Turner suna yin nasu, mai kyau kuma, da araha. Ana iya satar haɗin yumɓu, ana iya janye ma'aikaci da ƙarin lada, amma babu wanda Duke zai ara wa tulun fam dubu, babu kuma wanda zai iya jure asarar shekara huɗu. Takardar Reynolds ta shafi tulu ɗaya, darajarta kuwa ta bi kowane faranti da kofin shayi mai tambarin Wedgwood a gindi. Ban ce lissafi ne kaɗai ba. Bentley ya rasu tun 1780, Wedgwood kansa ƙarfinsa ya fara ƙarewa, kuma mutum ne da ya yi rayuwarsa yana son a daina kallon maginin tukwane a matsayin mai sana'ar ƙasƙanci. A 1790 ɗin da aka baje tulun ya shigar da 'ya'yansa da Byerley cikin kamfanin ya ja gefe. Ya rasu a Janairun 1795.

Bayansa

Magadansa sun bi rabin dabarar ta biyu. An yi ta fitar da tulun Portland a girma daban-daban da launi daban-daban, da araha. A 1839 aka fito da wani zubin da aka yi wa siffofin sutura, saboda masu saye na zamanin Sarauniya Victoria ba sa son tsiraici a falo. Daga 1878 hoton tulun ya zama tambarin da ake bugawa a gindin wani nau'in tangaran ɗin kamfanin. Shi ya sa yau tulun Portland na Wedgwood ya cika kasuwar kayan da, amma na farkon 'yan kaɗan ne, yawancinsu a gidajen tarihi. Masu harkar sukan fara da yatsa: tsohon jasfa sumul yake kamar siliki, na baya yakan yi ɗan kaushi kamar alli. Sai su duba gefen siffofin ko an bi su da hannu, sannan su kifa shi su karanta gindi. Haruffa uku na shekara sun fara ne daga 1860, kalmar da ke nuna ƙasar Ingila kuma daga 1891, bayan dokar harajin Amurka ta tilasta a rubuta ƙasar da aka yi kaya. Wanda ya ga sunan Wedgwood da ƙarin harafin e a tsakiya, to ba na gidan ba ne.

Na asalin kuwa, iyalan Portland sun ba Gidan Tarihin Birtaniya ajiyarsa a 1810. Ranar 7 ga Fabrairun 1845 wani saurayi ɗan Ailan da ya ba da sunansa William Lloyd, bayan ya kwashe kwanaki yana shan giya, ya ɗauki wani guntun sassaƙaƙƙen dutse da ke kusa ya maka wa akwatin gilashin da tulun ke ciki. Tulun ya tarwatse kusan gida 200. A kotu sai aka tarar dokar ɓarna ta lokacin ba ta hau kan abin da darajarsa ta wuce fam 5 ba, saboda haka aka hukunta shi a kan akwatin kawai, tarar fam 3 ko wata biyu a kurkuku. Wani da bai bayyana kansa ba ya biya tarar. A shekarar majalisa ta yi sabuwar dokar kare kayan tarihi.

John Doubleday, ma'aikacin gidan tarihin, shi ya zauna ya harhaɗa gutsattsarin. Abin da ya rage na shaidar yadda tulun yake kafin ya fashe shi ne zane-zane, da zubin farar ƙasa da aka yi tun zamanin Byres, da kwafin Wedgwood, wanda ɗansa John ya ba gidan tarihin ɗaya tun 1802. Ƙananan gutsattsari 37 sun ƙi samun wuri, aka zuba su a ɗan akwati aka manta da su sama da shekara 100, sai a 1948 suka sake ɓullowa, shekara uku bayan gidan tarihin ya sayi tulun dungurungum. An warware shi an sake haɗawa a lokacin, aka kuma sake a 1988 zuwa 1989 da danƙon zamani, yawancin gutsattsarin nan suka koma mazauninsu.

Abu ɗaya ne ba a mayar ba. A gindin tulun akwai wani faifan gilashi mai hoton saurayi da hula mai lanƙwasasshen kai, ya kai yatsa baki, wanda ake ɗauka Paris ne ɗan sarkin Troy. Bincike ya nuna ba tare aka yi su ba: gindin asali ya karye tun da daɗewa, aka yanko faifan daga wani aikin aka toshe wurin. Tun bayan fashewar 1845 ana ajiye faifan daban a gefen tulun. A kwafin Wedgwood kuwa Paris yana nan manne a gindi yadda aka ara masa shi a 1786, har wasu gidajen tarihi sukan ɗora tulun a kan ɗan mazauni mai ƙafafu su sa madubi a ƙasa don mai kallo ya gan shi.